Amanar Goyo: Tarihin Raino a Gidajen Hausawan Khartum da Omdurman



A cikin duk abin da mutum kan ba wani ajiya, babu mai nauyin jariri. Wanda ya ba da ajiyar kuɗi zai ƙirga abinsa ranar karɓa, wanda ya ba da hatsi zai auna da mudu. Jariri kuwa ba shi da bakin da zai faɗi yadda ya wuni. Uwar da ta miƙa ɗanta ga mai raino da safe, ta nufi asibiti ko makaranta ko kasuwa, hankalinta yana gida har ta dawo. Ita ma mai rainon ta baro iyayenta, ta shiga gidan da ba ta san halin mutanensa ba. Kowacce a cikin matan nan biyu tana riƙe da amanar 'yar'uwarta.

Maganar ta taso mana sabuwa a yanzu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya watsa unguwanninmu na Khartum da Omdurman da Bahri, kuma waɗanda suka fara komowa sun tarar maƙwabtan jiya ba sa nan, tsofaffin da ke cewa "na san uwarta, na san kakarta" sun ragu. Saboda haka ya dace mu waiwaya mu ga yadda magabatanmu suka riƙa ƙulla yarda a kan goyo, tun daga ƙasar Hausa, zuwa kan hanyar gabas, har nan bakin Nilu.

Abin da aka taho da shi daga gida

A ƙasar Hausa ta da, da wuya a ga baƙuwa tana raino. Gida babba ne mai sassa da yawa, kuma kowa ya yarda cewa ɗa na kowa ne. Ungozoma ce ke yanke cibi, tsofaffin gida su kama wankan jego da damun kunun kanwa har a yi arba'in. Idan uwa ta koma daka da girki, sai a nemo 'yar raino, yawanci ƙanwarta ko 'yar ɗan'uwan miji, a ɗaura mata jaririn da zane da majanyi. Ranar yaye kaka ce ke ɗauke yaro zuwa ɗakinta har ya manta da nono. Ɗan fari kuwa alkunya kan hana uwarsa kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane, shi ya sa sau da yawa kaka ko gwaggo ke riƙe shi.

Akwai kuma al'adar riƙo, inda ake ba macen da ba ta haihu ba ɗan 'yar'uwarta ya zama nata. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi har suka girma a hannunta. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta rasa mahaifiyarta Maimuna tana ƙarama, sauran matan Shehu ne suka raine ta, ta kuma tashi ta zama malamar da har yau ake ambato.

Wannan tsari ya tsaya ne a kan duwatsun murhu uku. Na farko sanin asali: an san iyayen 'yar raino, an san inda za a kai ƙara ko godiya. Na biyu idon jama'a: tsakar gida ba ta rabo da mutane, ba a dukan yaro ko a bar shi da yunwa ba tare da wani ya gani ba. Na uku sakayya mai dogon zango: 'yar raino ba ta karɓar albashin wata, amma gidan da ta yi wa raino ya ɗauki cinta da suturarta, ya kuma sa hannu a kayan ɗakinta ranar aure, yaron da ta goya kuwa zai riƙa ce mata Yaya har tsufa. Duk da haka ba kowace 'yar riƙo ce ta ji daɗi ba. Tatsuniyoyinmu cike suke da labarin marainiyar da ake aika rafi da dare, kuma tatsuniya ba ta ƙago irin wannan daga iska. A manyan gidaje ma, kuyangi ne suka goyi 'ya'yan sarakuna da attajirai, ba da zaɓinsu ba.

Nono da hakkinsa

Abin da ya ƙara wa raino daraja a wurin kakanninmu shi ne matsayin da shari'a ta ba shi. A mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar Hausa da Sudan suka yi tarayya a kanta, idan nonon mace ya isa cikin jariri a cikin shekara biyun farko, ko da tsotso ɗaya ne, ta zama uwarsa ta shayarwa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, aure ya haramta a tsakaninsu. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wannan babi. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta halatta wa iyaye su nemo mai shayarwa, ta kuma gindaya biyanta abin da aka yi alkawari ta hanyar da ta dace. A ƙissar Annabi Musa kuwa, lokacin da jaririn ya ƙi kowane nono a gidan Fir'auna, 'yar'uwarsa ce ta nuna gidan da za a iya amince wa. Ke nan tun a can akwai mai tsayawa tsakanin masu nema da mai raino.

Tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙara fito da abin fili. Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi a ƙauyen Banu Sa'ad. Ummu Aiman, wato Baraka, mutuniyar Habasha, ita ce ke tare da shi lokacin da mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa'u yana ɗan shekara 6, ita ta komo da shi Makka. Bai manta da ita ba: ya 'yanta ta, ta auri Zaidu ɗan Harisa ta haifi Usama, kuma bayan wafatinsa Abubakar da Umar suka ci gaba da kai mata ziyara kamar yadda yake yi. Shaima'u 'yar Halima, wadda ta yi masa raino yana ƙarami, da aka kawo ta gabansa bayan yaƙin Hunaini, mayafinsa ya shimfiɗa mata. Da irin waɗannan labarai aka tarbiyyantar da kakanninmu mata, shi ya sa suke kallon wadda ta goyi ɗansu a matsayin dangi.

A kan hanyar gabas

Mutanenmu sun daɗe suna ratsa Sudan zuwa aikin hajji, amma babbar hijira ta biyo bayan faɗuwar Sakkwato a hannun Turawan Ingila. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu a 1906, inda garin Mai Wurno ya kafu kudu da Sinnar. Bayansu ayari ya yi ta bin ayari, ta Barno da Wadai da Jinaina da Fashir zuwa Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso a 1912. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai dubban mahajjata suka tsaya neman guzuri. Wasu sun ƙarasa Sawakin sun haye teku, wasu kuwa niyya ta zauna a zuciya, jiki ya zauna a Sudan, har masani Bawa Yamba ya kira su alhazai na dindindin a littafinsa na 1995.

Tafiya ce ta shekaru. Ana yin aure a hanya, a haihu a hanya, a binne uwa a hanya. Macen da ta baro Kano ko Katsina ko Haɗeja ta baro gwaggo da inna da kaka a baya, dole ta sami wasu. A nan ne ayari ya zama dangi. Matar madugu ta zama uwa, maƙwabciyar zango ta zama inna, jaririn da uwarsa ta rasu a ba wata mai jego ta haɗa da nata. Da yawa daga cikin zumuncin da muke gani tsakanin gidajenmu na Madani da Gadarif da Kasala, wanda ba a iya gano jinin da ya haɗa shi, daga irin wannan nono da goyo ya samo asali.

Hanyar tana da nata haɗari. An sha samun miyagu da suka fake da rigar hajji suka kwashi yaran mutane suka sayar a Hijaz, inda ba a soke bauta a hukumance ba sai 1962. Wannan ya sa lamuni ya zama doka a zangunanmu. Baƙo ba ya sauka sai a hannun mai masauki, mai masauki ya gabatar da shi ga sarkin Hausawa ko limamin unguwa, kuma ba a miƙa yaro ga wanda babu mai tsaya masa. Sanin asali da aka baro a gida, sai maganar dattijo ta maye gurbinsa.

Birnin da muka tarar

Omdurman da kakanninmu suka shigo birni ne da bai daɗe da fita daga mulkin Mahadiyya ba, wanda ya ƙare bayan yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumba, 1898. Aikin gida a birnin, daga niƙa da ɗebo ruwa har raino, yawanci a wuyan bayi mata yake. Yarjejeniyar mulkin haɗin gwiwa ta Ingila da Masar ta 1899 ta hana cinikin bayi, amma bautar cikin gida ta daɗe kafin ta mutu, kamar yadda masanin tarihi Ahmad Alawad Sikainga ya nuna a littafinsa na 1996 a kan yadda bayi suka rikiɗe suka zama ma'aikata. Har yau kalmar "khadim" a Larabcin Sudan tana ɗauke da ɗacin wancan zamani. Manyan gidaje suna da "dada", mai rainon da kan tsufa a gidan, yara su so ta kamar uwa, amma matsayinta bai kai na 'yan gida ba. A sauran gidaje kuwa "habboba", wato kaka, ita ce ginshiƙin raino, kamar dai yadda yake a wurinmu.

Wannan tabo da ke jikin aikin gida yana daga cikin abin da ya sa iyayenmu mata suka fi karkata ga sana'ar hannu. Suna cikin gida suna suyar gyaɗa, suna niƙa dakwa, suna dama godo-godo, 'yan mata suna kai talla, maza suna gasa agashe a bakin titi, har waɗannan abubuwa suka shiga cimar Sudan baki ɗaya. A Ishash Fallata ta da, a kudancin Khartum, mace takan bar ɗanta wurin maƙwabciya ba tare da an yi maganar kuɗi ba, domin gobe ita ma za a bar mata. Matan da ke zubin adashi ɗaya, wanda ake ce wa "sanduk" a nan, sun san wadda ke cika alkawari da wadda ke saɓawa, kuma wadda aka amince wa da kuɗin zubi ita ake amince wa da goyo.

A cikin wannan zamani ne aka yi wani abu a Omdurman da ya cancanci mu tsaya a kansa. A 1921 wata Baturiya mai suna Mabel Wolff ta buɗe makarantar horar da ungozomomi, daga baya 'yar'uwarta Gertrude ta zo ta kama mata. Ɗalibansu na farko ungozomomin gargajiya ne, waɗanda ake kira "daya", kuma yawancinsu ba su iya karatu ba. Sai aka koya musu gane magunguna ta kamanni da wari da ɗanɗano, aka koya musu tsabtar hannu da ta kayan aiki, wadda ta gama a ba ta akwatin aiki da shaida. Daga cikin matan Sudan da suka yi fice a makarantar akwai Sitti Batul Muhammad Isa, wadda ta daɗe tana horar da na baya. Abin lura shi ne, makarantar ta ɗauko matan da unguwa ta riga ta sani, ta ƙara musu ilimi a kan yardar da suke da ita. Yarda da ƙwarewa suka haɗu a mutum ɗaya, shi ya sa gidaje suka buɗe musu ƙofa.

Lokacin da takarda ta shigo

A 1955, shekara guda kafin samun 'yancin kai, aka kafa Dokar Ma'aikatan Gida, wadda ta nemi mai aikin gida ya riƙe takardar shaida daga hukuma, ta kuma yi magana a kan albashi da hutu da sallama. Manufar ita ce takarda ta yi aikin da maganar dattijo ke yi. Sai dai ga mutanenmu takarda ita ce babbar matsala. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar da cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba, 1897, alhali yawancinmu bayan Burmi muka iso. An sassauta wannan sharaɗi daga baya, amma tsararraki sun tashi ba su da "jinsiyya". Yarinyar da ba ta da takarda takan karɓi aiki a kowane hali, kuma idan aka cuce ta ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Dokar Ƙwadago ta 1997 ma ta ware ma'aikatan gida daga cikin waɗanda take karewa, ta bar su ga tsohuwar dokar 1955.

A gefe guda kuma buƙatar masu raino ta yi ta ƙaruwa. Irin da Babikir Badri ya shuka da makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907 ya kai ga buɗe kwalejin mata ta Ahfad a Omdurman a 1966, mata suka shiga koyarwa da aikin jinya da ofisoshi, 'ya'yanmu a cikinsu. Daga shekarun 1970 maza suka yi ta tafiya ci-rani ƙasashen Larabawa masu arzikin mai. Farin 1984 da 1985 ya koro jama'a daga Kurdufan da Darfur zuwa gefen Omdurman, yaƙin Kudu ya koro wasu, 'yan mata daga Habasha da Eritiriya suka shigo, ofisoshin samar da 'yan aiki da dillalai suka yawaita. A farkon shekarun 1990 aka tashi Ishash, aka mai da mutanenta unguwar Ingaz, maƙwabtan shekara da shekaru suka rabu. Ma'aurata suka fara kama haya su kaɗai, kaka tana Mai Wurno ko Sinnar. Duwatsun murhun nan uku suka kau ɗaya bayan ɗaya: ba a san asali ba, babu idon tsakar gida, sakayya kuma ta koma albashin wata wanda ke yankewa ranar da aka saɓa.

Mu Hausawan birnin nan mun tsinci kanmu a ɓangarorin biyu. A gida ɗaya za a sami malamar asibiti da ke neman mai raino, a gidan da ke kusa kuma a sami uwar da ta tura 'yarta aikatau Riyad ko Amarat. Mun san tsoron uwa: a bar yaro a gaban talabijin, a dake shi, a ba shi abin sa barci. Mun kuma san tsoron mai raino: a riƙe mata albashi, a ɗora mata satar abin da ya ɓace, a ba ta ragowar abinci, ko wani namiji a gidan ya keta mata mutunci ta rasa wanda za ta gaya wa. Dokar Yara ta 2010 ta hana sa yaron da bai kai shekara 14 ba aikin ƙwadago irin wannan, amma duk mun ga yarinyar da ita kanta raino take buƙata an ɗaura mata ɗan wani. A duniya ma sai ranar 16 ga Yuni, 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya ta 189, wadda ta ɗauki aikin gida a matsayin aiki kamar kowane.

Abin da yaƙi ya tona

Da yaƙi ya rufe titunan Khartum a 2023, gidan marayu na Maigoma ya shiga mawuyacin hali. Yawancin ma'aikata sun kasa isowa, wuta ta ɗauke, madara ta yi ƙaranci, jarirai da dama suka rasu a cikin makonni. 'Yan tsirarun masu raino da likitoci da masu sa kai ne suka tsaya, kowace mace da jarirai fiye da ƙarfinta, har zuwa watan Yuni lokacin da aka kwashe yara kusan 300 zuwa Madani tare da masu kula da su. Da faɗa ya isa Madani a watan Disamba, aka sake kwashe su. Waɗannan mata ba su haɗa jini da yaran ba, kuma ba albashi ne ya tsayar da su ba. Duk mai ganin raino ƙaramin aiki ne, ya dubi abin da ya faru a kwanakin da hannuwan raino suka yi ƙaranci.

A gidajen mutane ma an ga iri biyu. Akwai iyalan da suka shiga mota da mai rainonsu, suka raba gurasa ɗaya da ita har Bur Sudan ko Kasala, akwai kuma waɗanda suka kulle ƙofa suka bar yarinyar mutane ba ko kuɗin mota. Unguwa ta ga duka biyun, kuma unguwa ba ta mantuwa.

Abin da za mu ɗauka

Ba za mu iya mai da babban gida na da ba, amma duwatsun nan uku suna ɗaukuwa zuwa sabon murhu. Mu fara da lamuni, kuma ya zama ta ɓangare biyu. Kafin mai raino ta kwana a gidanmu, mu taka zuwa wurin iyayenta ko mijinta, domin zumunta a ƙafa take, mu kuma bar nata mutanen su zo su ga inda za ta zauna. A sami dattijuwa ko limami ko shugabar adashi da kowane ɓangare ya yarda da shi, wanda ita ma za ta iya kai masa kuka idan mu ne muka saɓa. A gabansa za a faɗi albashi da ranar biya da ranar hutu da iyakar aikin, a rubuta, kowa ya riƙe nasa. A wannan zamani da kuɗi ke zubewa, a yanka lokacin da za a riƙa sake duba albashin. Wadda aka ɗauka don raino, kada a wayi gari an haɗa mata da wanki da girki da aiken kasuwa, sannan a zarge ta idan yaro ya faɗi. Kuma kada mu karɓi yarinyar da ya kamata a ce tana aji, komai arhar ta.

Idon jama'a kuwa ana gina shi a hankali. Kwanakin farko uwa ko kaka ta zauna tare da ita, ta nuna mata yadda ake haɗa madara da tafasasshen ruwa, da yadda ake dama ruwan gishiri da sukari idan gudawa ta kama yaro, da alamomin da ba a jira da su: zazzaɓi mai zafi, numfashi da sauri, ƙin shan nono. A yi ƙa'ida cewa ba a ba yaro kowane magani, na asibiti ko na gargajiya, sai da sanin uwa. A bar mata lambar waya biyu ko uku, a gabatar da ita ga maƙwabta domin su riƙa leƙowa, ita ma ta sami wurin gudu. Wanda ya sa kyamara a gida ya gaya mata, kada kuma ta kai inda take kwana ko wanka. Mafi muhimmanci, mu sa faɗin gaskiya ya yi mata sauƙi. Idan ta ce, "Hajiya, yau ya faɗo daga gado," aka rufe ta da faɗa, gobe ba za ta faɗa ba, kuma ɓoyon da zai biyo baya ya fi faɗuwar haɗari. Gyara a yi shi a keɓe, ba a gaban yara ba, domin yaron da ya ga an raina mai rainonsa ba zai ƙara jin maganarta ba.

Sai sakayya. Ta ci daga tukunyar da muka ci, a yi mata ɗinkin salla tare da 'yan gida, idan ta yi ciwo a kai ta asibiti. Yara su kira ta Yaya ko Inna ko Iya gwargwadon shekarunta, kada su ji kalmar "shaggala" daga bakinmu. Idan larura ta sa ta shayar da jaririn, a sanar da dangi, a rubuta, saboda hukuncin aure a gaba. Idan Bahaushiya ce, mu roƙe ta ta yi wa yaran Hausa, ta ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, domin a birnin da Larabci ya cika makaranta da titi, a bayan mai goyo ne harshe ke tsira ko ya mutu. Idan kuma daga wata al'umma take, mu girmama harshenta da addininta, mu tuna mu ma an taɓa kiranmu baƙi a ƙasar da aka binne cibiyarmu. Ranar rabuwa a yi sallama ta mutunci, a biya ta cikakke, a bar yaro ya yi mata ban kwana, a kuma tsaya mata a gidan da za ta nema a gaba.

Ga 'yan'uwanmu masu raino kuma, ɗan da aka miƙo muku ba zai iya kai ƙara ba, saboda haka Allah ne shaidarsa. Abin da kuka gani a gidan mutane ya tsaya a gidan, abin da ya sami yaro kuwa a faɗe shi da wuri. Sunan kirki da ɗayarku ta bari a wani gida shi ne zai buɗe wa ƙanwarta ƙofa.

Kakanninmu sun ratsa daji da hamada da jarirai a bayansu, sun iso da su lafiya domin sun san yadda ake mai da baƙo ɗan'uwa ta hanyar lamuni da cika alkawari. Wannan gado yana hannunmu a yanzu da muke sake gina gidajenmu. Muna roƙon dattawanmu mata da suka ga zamanin Ishash su ba matasa labarin yadda ake yi tun suna da rai da lafiya. Allah Ya raya mana zuriya, Ya saka wa duk wadda ta taɓa goyon ɗan wani da alheri, Ya zaunar da Sudan lafiya. Amin.